Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙwayar halitta tana yanka tantaninta don ta aika saƙo

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa: ta wata ɗaliba, da ta wata uwargida, da ta wani malamin firamare. Ba su san juna ba, kuma kowannensu da abin da ya dame shi. Na haɗa su wuri ɗaya ne domin amsar duka ukun tana komawa kan wasu enzayim 'yan gida ɗaya da ake kira fosfolifes, waɗanda aikinsu yanka kitsen da aka gina tantanin ƙwayar halitta da shi. Enzayim dai furotin ne da ke hanzarta wani aikin sinadari a jiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin sinadaran jiki. An koya mana cewa akwai enzayim da ke farfasa fosfolifid na tantanin ƙwayar halitta don a isar da saƙo. Na haddace sunayen, su PLC da IP3 da DAG, amma wallahi ban gane ba. Ba tantanin nan ne ke riƙe da ƙwayar ba? In ana yanka shi, me ya hana ta fashewa? Ɗalibarka daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta ƙarshe ita nake so in riƙa ji daga bakin ɗalibai, domin wanda ya yi ta ya fara ganin abin da idon zuciyarsa ke nan.

Bari mu fara da ginin. Kowace ƙwayar halitta a jikinki tana lulluɓe da tantani wanda kaurinsa bai wuce nanomita 5 zuwa 10 ba. Nanomita ɗaya kuwa shi ne milimita in an raba shi gida miliyan. An gina tantanin da fosfolifid, kuma kowane fosfolifid yana da kai ɗaya mai son ruwa da jela biyu na kitse masu gudun ruwa. Abin da ya haɗa kai da jela shi ne gilisarol, sannan tsakanin gilisarol da kai akwai fosfet. Suna jeruwa sahu biyu, kawuna na kallon ruwan waje da ruwan ciki, jelolin sun ɓuya a tsakiya. Tun 1925 Gorter da Grendel a Holan suka gano sahu biyu ne, bayan sun tatso kitsen jajayen ƙwayoyin jini suka auna faɗin da ya rufe.

Ɗauki takarda ki zana fosfolifid guda da hannunki, ki sa masa kibiya huɗu, kowace tana nuna inda ɗaya daga cikin fosfolifes huɗu, A1 da A2 da C da D, yake yanka. A1 yana cire jela ta farko. A2 yana cire ta biyu. C yana yanka tsakanin gilisarol da fosfet, sai kai ya tafi da fosfet ɗinsa. D yana yanka ta ɗaya gefen, sai kai ya tafi shi kaɗai, fosfet ya zauna. Wanda ya iya wannan zane ba ya buƙatar hadda, da ganin inda kibiya ta sauka ya san abin da zai fito.

Yanzu ga PLC da kika ambata, wato fosfolifes C. Ki ɗauka homon ya taho ta cikin jini ya iso ƙofar ƙwaya. Yawancin irin waɗannan 'yan aike ba sa iya keta kitsen tantani, don haka sai ya manne wa makarɓinsa ta waje. Makarɓin ya sauya kama, ya tada wani furotin da ke manne ta ciki mai suna G, shi kuma ya tada PLC. PLC ba ya taɓa kowane fosfolifid da ya gani. Guda ɗaya yake nema a sahun ciki, wanda ake kira PIP2. Da ya yanka shi, abu biyu ke fitowa. Kan, wato IP3, yana narkewa a ruwa, sai ya bar tantani ya nutsa cikin ƙwaya. Gilisarol da jelolinsa biyu, wato DAG, su kuma suna nan a tantani ba sa zuwa ko'ina.

IP3 yana zarcewa ne zuwa ma'ajiyar kalsiyam da ke cikin ƙwaya, ya buɗe ƙofofinta. A nan ne ƙarfin al'amarin yake. Ƙwayar da ke hutawa tana ta fitar da kalsiyam daga ruwan cikinta, dare da rana, har ya zama na waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000. Saboda haka ko ƙofa kaɗan aka buɗe, kalsiyam zai kwararo, kuma duk wani furotin da ke sauraronsa zai ji. A can tantani kuma DAG ya jawo wani enzayim mai suna PKC ya tada shi, shi kuma ya shiga liƙa wa wasu furotin fosfet, ya kunna wannan ya kashe wancan. Yanka ɗaya, saƙo biyu.

Me ya hana ƙwaya fashewa? Na farko, PIP2 ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kitsen tantani ba. Na biyu, jelolin da ke toshe hanyar ruwa ba su fita ba, kai kawai aka cire, don haka ba a bar rami ba. Sannan cikin daƙiƙoƙi wasu enzayim ke bin IP3 suna zare masa fosfet har ya koma inositol, wato kan shi kaɗai babu fosfet, a sake haɗa shi da jelolin, a mayar da PIP2 wurinsa. Uwargida kan zari kara ɗaya ko biyu daga danga ta hura wuta, danga ba ta faɗi ba, balle in ana mayar da sabo a gurbin wanda aka zara. Wannan mayarwa tana da muhimmanci har a asibiti: litiyam, maganin da ake ba masu lalurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya yi ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, yana toshe ɗaya daga cikin enzayim ɗin da ke dawo da inositol.

Abin da kalsiyam zai sa a yi ya danganta da ƙwayar da ya kwararo a cikinta. A ƙwayar da ke yin yawu, yawu zai fito. A jijiyar jini, za ta tsuke. A mahaifa, idan homon da ake kira oksitosin ya iso, tsoka za ta murɗa, wato naƙuda. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na farkon halittar ɗan Adam. A 2002 masu bincike a Birtaniya, ƙarƙashin Karl Swann da Tony Lai, suka gano cewa ƙwayar maniyyi tana ɗauke da nata PLC, wanda suka sa wa suna zeta. Idan ta haɗu da ƙwan mace sai ta zuba shi a ciki, shi ne yake sa kalsiyam ya yi ta tashi yana sauka na tsawon sa'o'i, har ƙwan ya farka ya kama hanyar rabuwa. An samu mazan da maniyyinsu yana da yawa, yana motsi lafiya, amma wannan enzayim ɗin nasu bai cika ba, ƙwai ba ya farkawa. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na ji ana ɗora wa mace ita kaɗai laifin rashin haihuwa, alhali ba a ko gwada mijin ba.

Layi uku ɗin da kika haddace kuwa, shekara talatin aka yi ana nemansu. A 1953, a Montreal ta Kanada, wasu miji da mata, Lowell da Mabel Hokin, suna aiki da yankakkiyar gaɓar tattabara mai fitar da ruwan narka abinci, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Suka sa mata fosfarus mai alama don su bi sawunsa, suka tsokane ta da asetilkolin, wani ɗan aike da jijiyoyi ke saki, sai suka ga fosfarus ɗin yana ta shiga cikin fosfolifid. Ba abin da suka fito nema ke nan ba, kuma an daɗe ba a san fassararsa ba. Sai a 1975 Robert Michell a Birmingham ya ce wannan yanka yana da alaƙa da shigowar kalsiyam. A ƙarshen shekarun 1970 Yasutomi Nishizuka a Kobe ta Japan ya gano PKC, ya kuma nuna DAG ne ke tada shi. Michael Berridge, haifaffen ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, yana Kambirij yana nazarin yadda wani ƙuda ke yin yawu, daga nan ya kamo zaren IP3. A 1983 shi da Robin Irvine da abokan aikinsu na Jamus, Hanspeter Streb da Irene Schulz, suka zuba IP3 a kan ƙwayoyin da aka huda wa tantani, suka ga kalsiyam ya fito daga ma'ajiya. Ki karanta darasin da wannan tarihi a ranki, za ki ga ya fi zama. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.

TAMBAYA: Malam, maigidana dako yake yi a kasuwa. Kusan kullum da dare sai ya biya kemis an yi masa haɗin maganin ciwon jiki. Kwanan baya ya fara ciwon ciki, bayan gidansa ya koma baƙi. A asibiti aka ce olsa ce, kuma wai maganin ne ya jawo. Shi dai bai yarda ba, ya ce ina ruwan maganin ciwon baya da ciki? Uwargida daga Kano.

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba maigida lafiya. Likitocin sun faɗi gaskiya, kuma ki karanta masa wannan amsa a hankali.

Idan tsoka ta wahala ko gaɓa ta ji rauni, wani enzayim mai suna PLA2, wato fosfolifes A2, yana tashi a cikin ƙwayoyin wurin. Shi jela ta biyu yake cirewa daga fosfolifid, kuma sau da yawa wannan jela wani kitse ne da ake kira arakidonik. Muddin yana manne a tantani ba ya komai. Da ya kuɓuta, wani enzayim mai suna COX zai kama shi ya mayar da shi firostagilandin. Wannan ne ke sa wurin ya kumbura, ya yi zafi, jijiyoyin jin ciwo su ƙara kaifi, shi ne kuma ke ɗaga zafin jiki a lokacin zazzaɓi.

Asfirin, da ibufurofen, da diklofenak, da firoksikam, duk aikinsu ɗaya ne: toshe COX. Kamfanin Bayer ya fara sayar da asfirin tun 1899, amma sai a 1971 John Vane a Landan ya gano yadda yake aiki, abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1982 tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson na Suwidin.

To ga inda matsalar maigida take. Firostagilandin ba na ciwo kaɗai ba ne. A tumbi, shi ne ke sa a fitar da majinar da ke lulluɓe bango don kada ruwan tsami mai narka abinci ya ci shi, shi ne kuma ke kawo wa bangon jini. A ƙoda, yana taimakawa jini ya ci gaba da gudana, musamman idan mutum ya yi gumi ruwan jikinsa ya ragu, kamar mai dako a tsakar rana. Ƙwayar magani ba ta san baya kaɗai aka aike ta ba. Jini ke ɗaukarta ya kai ta ko'ina, ta toshe COX na baya, ta toshe na tumbi. Ko allura aka yi masa, ko ya ci tuwo kafin ya sha, wannan ɓangare na illar yana nan. Baƙin bayan gida kuwa jini ne da ya zuba a sama ya narke kafin ya fito.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne haɗin nan. Sau da yawa za ki tarar an ƙulla diklofenak da ibufurofen da firoksikam a leda ɗaya, launi daban-daban, alhali ƙofa ɗaya duk suke toshewa. Sauƙin ba ya ninkuwa, illar ce ke ninkuwa. Wani lokaci har da deksametason a ciki, wanda shi tun daga sama yake danne aikin PLA2, kuma haɗa shi da waɗancan yana ƙara haɗarin zubar jini a tumbi. Na san maigida ba don daɗi yake sha ba, neman abin da za ku ci ne ya gajiyar da shi. Amma ya bar haɗin nan kwata-kwata, ya shanye maganin da aka rubuta masa har ƙarshe, ya nemi a gwada shi ko yana da ƙwayar cutar tumbi da ake kira H. pylori, domin ita ma tana jawo olsa. In ciwon jiki ya matsa, farasitamol daidai yadda aka ƙayyade ya fi masa lafiya. In ya yi aman jini, ko jiri ya ɗebe shi, kada ku jira gari ya waye.

Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 saboda zuciya, shi zancensa daban ne, kada ya daina sai da izinin likitansa. Wannan ƙaramin yana hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini yin wani ɗan'uwan firostagilandin mai suna turomboksan, kuma tunda asfirin ya toshe COX ɗinsu ba ya sake buɗewa, sai jiki ya yi sababbi cikin kwana 7 zuwa 10.

TAMBAYA: Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye a kudancin Gombe. Da damina kububuwa ta sari ƙanena a gona. A asibiti sun ɗebi jininsa a kwalba sun ajiye suna duba agogo, kuma suka hana mu ba shi maganin ciwon da muka saya. Alhamdu lillahi ya warke. Amma wani maƙwabcinmu da gamsheƙa ta sara, naman hannunsa ruɓewa ya yi. Me ke cikin dafi da ke cin nama haka?

AMSA: Malam, barka da arziki, Allah Ya ƙara wa ƙanenka lafiya, Ya ba maƙwabcinka sauƙi.

Cikin abubuwan da ke cikin dafin yawancin macizai masu kisa akwai PLA2, dangin wanda na yi wa uwargidan Kano bayani. Yana cikin dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa, har da dafin zuma. Bambancin shi ne, na jikinmu a ɗaure yake: ba ya tashi sai an kira shi, ya yanka kaɗan, a kashe shi, a gyara wurin. Na maciji kuwa an zuba shi ne da yawa lokaci guda daga waje, kuma babu mai ce masa ya isa. Fosfolifid ɗin da aka cire wa jela ɗaya ba ya zama daidai a sahu, idan suka yi yawa sai tantani ya ɓarke, kalsiyam na waje ya afka ciki babu ƙaidi, ƙwayar ta mutu. Kitsen da aka saki kuma ya zama firostagilandin, shi ya sa zafi da kumburi suke tsananta. A dafin gamsheƙa mai tofi, PLA2 yana aiki tare da wasu ƙananan guba masu huda tantani, kuma haɗuwarsu ce ke kashe fata da naman da ke ƙarƙashinta. Wannan ne ya sami hannun maƙwabcinka.

Ba macizai kaɗai ke amfani da wannan makami ba. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens da ke zaune a ƙasa, wadda ke ruɓar da rauni mai zurfi in ya ƙazantu. Babbar gubarta PLC ce, kuma a 1941 aka gano haka a Landan, karo na farko da aka nuna gubar wata ƙwayar cuta enzayim ce. Muna nuna wa ɗalibai wannan a ɗakin gwaji. Ana dama gwaiduwar ƙwai cikin abincin ƙwayoyin cuta a zuba a faranti, domin gwaiduwa cike take da fosfolifid. A shafa maganin gubar a rabin farantin, a bar ɗaya rabin, sannan a ja layin ƙwayar cutar ya ratsa duka biyun. Washegari in ka ɗaga farantin ka duba a haske, za ka ga gefen da ba magani ya yi fari dususu kewaye da layin, wurin da enzayim ya farfasa kitsen, ɗaya gefen kuma yana nan garau. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba ya sake tambayar amfanin maganin dafi.

Game da ƙanenka, ita kububuwa babban haɗarinta ba cin nama ba ne. Dafinta yana da wasu enzayim na daban da ke tada daskarewar jini ba bisa ƙa'ida ba har sinadaran daskarewar su ƙare, sai jini ya tsinke, ya yi ta fita ta dasashi, ta tsohon rauni, ko ta ciki inda ba a gani. Kwalbar da ka gani gwaji ne: a zuba ɗan jini a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In ya daskare, da sauƙi. In ya zubo kamar ruwa, dafi yana aiki, sai a ba da maganin dafi. A ƙasarmu aka kafa wannan gwaji, a aikin da David Warrell da abokansa suka yi a shekarun 1970 lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Sun hana ku ba shi maganin da kuka saya ne domin irin su asfirin da diklofenak suna raunana ƙwayoyin daskarar da jini, kuma suna iya buɗe zubar jini a tumbin mutumin da dama jininsa ya tsinke.

Akwai wani magani mai suna varespladib da aka fara ƙirƙira don wasu cututtuka na daban. A 2016 aka nuna a ɗakin gwaji cewa yana toshe PLA2 na dafin macizai iri-iri, an kuma gwada shi a kan mutane a Amurka da Indiya. Burin masu binciken shi ne a samu ƙwayar da manomi zai haɗiya tun a gona kafin a kai shi asibiti. Ina fatan hakan ta tabbata, amma har yanzu a matakin gwaji yake, kuma ko ya fito ba zai taɓa enzayim ɗin kububuwa masu tsinka jini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, kuma ku kuna da sa'ar kusanci da asibitin Kaltungo, inda aka daɗe ana wannan aiki.

Tunda kai malami ne, yara da iyayensu suna jin maganarka, ka isar musu da wannan. In maciji ya sari mutum, a cire masa zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba, domin ɗaurin yana tsare jini ya ƙara kashe naman da dafi ya riga ya fara ci. A tallafe ƙafar ko hannun da sanda don kada ya motsa, a ɗauke shi kada ya taka da kansa, a nufi asibitin da ke da maganin dafi ko da yana cewa ba ya jin komai. In gamsheƙa ce ta yi masa tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a ci gaba da zubawa, sannan a tafi asibiti a duba idon.